Shamuwa, Babur ɗin Ghali, Ta Rasu a Bakin Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda ya gaji da tsiyaya, mu mazauna ɗakin hawa na uku a Mansura, a madadin ɗan'uwanmu Malam Ghali Yawuri, mai gadin ƙofar baya ta wani kanti a Asian Town, muke sanar da Hausawan Doha, na Najeriya da na Zangon Ghana, rasuwar babur ɗinsa wadda aka fi sani da Shamuwa. Ta rasu ranar Talata da la'asar a wani garin masunta da ke gaɓar ƙasar Oman, nesa da gida, nesa da bakanikenta. Masu ilimi za su ce babur namiji ne. Mun ji, mun gode. Wanda ya zauna da ita ya ce mace ce, kuma yau ba ranar gyaran Hausa ba ce.

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce, baƙuwa ce kamar mu. An haife ta a Japan, aka kawo ta Qatar sabuwa fil, ta yi ƙuruciyarta a hannun wani mutumin Kerala. Da ya yi khalas da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, zai koma gida, sai ya damƙa ta ga Ghali, yana shafa tankinta yana yi mata magana da yarensu. Baƙa ce mai farin ciki, na fenti muke nufi, shi ya sa aka raɗa mata sunan tsuntsuwar nan mai zuwa da damina.

Halinta kuwa sai dai a ce masha Allah. Ba ta da haɗama. Man da wata za ta sha zuwa Wakra, da shi ita za ta je ta dawo har ta rage na gobe. Zafin Doha da ke narkar da silifa a kan kwalta bai taɓa sa ta yaji ba. Da asuba in ya taɓa ta, sai ta ɗan yi tari, kyaf, kyaf, sannan ta kama bugunta ƙasa-ƙasa, dum-dum-dum-dum, don kada ta tashi waɗanda suka kwana aiki. Ita ta kai Bello, ɗan ɗakinmu, asibiti ranar da tsakuwar ƙoda ta murɗe shi yana kiran sunan kakarsa. Ita ta ɗauko Ɗalhatu, mai rubuta wannan sanarwa, da buhun shinkafa a cinya, ba ta yi ƙorafi ba, alhali kowa ya san Ɗalhatu shi kaɗai ma lodi ne. Ba za mu ce ba ta da aibi ba, mamaci ma ba a yi masa ƙarya. Ba ta yarda da baƙon hannu, duk wanda ya hau ta in ba Ghali ba sai ta mace masa a tsakiyar shataletale. Hon ɗinta kuma abin a rufe fuska ne: ɓib, guda ɗaya, gajere, kamar mai sallama a gidan surukai.

Ta rasu ta bar hular kwano mai tsaga a ƙeya, da makulli da ɗan'uwansa na ajiya, da rabin galan na baƙin mai wanda har yanzu ba a san magajinsa ba. Ta bar bakanikenta Mumin, mutumin Kumasi mai gareji a Sana'iyya, wanda tun da labarin ya same shi bai ƙara kunna rediyo ba. Ta kuma bar mai ita. Saboda shi ne wannan sanarwa za ta yi tsawo, domin wanda bai san abin da ke wuyan Ghali ba, ba zai gane ciwon ajalin Shamuwa ba.

Ghali ɗan bakin kogin Kwara ne. Yana saurayi, wansa Uwais ya shiga jirgi tare da 'yan kasuwa za su ƙetare, jirgin ya kife a tsakiyar ruwa. Ba a ga Uwais ba sai bayan kwanaki, can ƙasa, maƙale a cikin ciyayi. Ranar da aka rufe shi, mahaifiyarsu Inna Asabe ta kama Ghali a wuyan hannu a gaban matan da suka zo gaisuwa, ta ce, "Kai kaɗai ka rage mini. In ka sa ƙafa a jirgin ruwa, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Da tafiyar Qatar ta taso, ya je ya durƙusa ya tambaye ta, na sama fa? Ta ce na sama ba shi ya ci mata ɗa ba, ya tafi Allah Ya tsare. Da aka buɗe jirgin ƙasa a nan Doha, har da tasha a bakin unguwarmu, ya buga mata waya ya sake tambaya, ta yi dariya ta ce ya daina cinye mata caji. Haka abin yake muddin tana raye: igiyar tana hannunta, in ta matse shi sai ya kira ta ta sassauta. Bara waccan Allah Ya yi mata cikawa yana bakin ƙofa cikin kakinsa, a waya aka gaya masa. Maganar ta tsaya cak yadda ta bar ta, ba mai ƙarawa, ba mai ragewa.

Shi ya sa duk shekarunsa a garin nan bai taɓa zama ya kalli teku ba. In muka ja shi Corniche, wurin shan iska na bakin teku, ranar Juma'a da yamma, mu muna ɗaukar hoto da jiragen katako, shi yana zaune ya ba ruwan baya yana kallon motoci. Mun sha tsokanarsa, Allah Ya yafe mana. Abin da ya sani game da teku bai wuce cewa wani ruwa ne da aka yi wa ganuwar dutse aka ce ya tsaya nan ba.

Bana da hutunsa ya zo, ya ce gida ba wanda zai tarye shi a ƙofa. Ya ji abokan aiki suna labarin Salala, can kudancin Oman, inda ake yayyafi a daidai lokacin da mu nan muke gasuwa, har duwatsu su yi kore shar. Ya ce shi damina yake marmari, ko da ta aro ce, ya shaƙi ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Muka ce ya hau jirgin sama kamar mai hankali. Ya ce Shamuwa fa, ita ba ta son ganin damina? Ya sha wahalar takardu har ya rame, Mumin ya sa mata sababbin tayoyi da filogi da kaca, suka kama hanya. Suka ratsa Saudiyya, suka ratsa Imarat, suka shiga Oman. Kullum sai ya turo mana saƙon murya, ba ma jin abin da yake cewa sosai, ita muke ji a bayansa, dum-dum-dum, lafiya lau.

A can ne ciwon ya fara. Ta soma zafin jiki, ta soma shan baƙin mai fiye da sabonta, bugun nan nata ya sami ɗan tuntuɓe a ciki, dum-dum-tak, dum-dum-tak. A haka suka lallaɓa suka iso garin masuntan da hantsi. Nan aka gaya masa ruwan tsaunuka ya yanke hanyar da ke bin gaɓa, ana gyara. Zaɓi biyu ne gare shi. Ko dai ya koma baya ya zagaya ta cikin hamada, tafiya mai nisa inda gidan mai ke wuyar gani, inuwa kuwa sai ta jikinka. Ko kuma ya jira la'asar, akwai wani jirgin ruwa mai ɗaukar motoci da ke bin gaɓa ya sauke mutane a gaba da inda hanyar ta yanke.

Kwaltar tashar jirgin tana tafasa, sai ya tausaya wa Shamuwa. Ya gangara da ita ƙasan tashar, kan wani fili mai faɗi na yashi mai tauri, mai ɗan sanyi, inda iska ke kaɗawa. Ya kafe ta a nan don injin ya huce. Teku kuwa tana can nesa, sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya hango farin bakinta. Wani tsoho mai gyaran koma yana zaune a kan dutse, Ghali ya yi masa sallama. Tsohon ya dubi babur, ya dube shi, ya ɗaga murya ya ce, "Madd! Madd!"

To, jama'a, a nan ne. Duk wanda ya yi karatun allo ya san madda, alamar nan da ke cewa a ja wasali, wadda in yaro ya gajarta malam ke tuna masa da bulala. Larabcin Ghali kuwa, in ka cire na allo, sauran na bakin ƙofa ne: yalla, khalas, mafi mushkila. Sai ya ɗauka dattijon gyara masa sallama yake yi. Ya ji kunya, ya dafa ƙirji, ya sake ta da kyau, "Assalaaaamu alaikum." Tsohon ya girgiza kai, ya nuna teku, ya nuna babur, ya maimaita kalmar. Ghali ya ce lallai shawara yake ba shi ya sa ta a jirgi. Ya ce, "In sha Allahu, Baba," ya haura tudu ya nufi masallaci.

A bakin mutanen can, madd shi ne cikowar teku. Mu ma sai daga baya muka sani, kada wani ya zo mana da fuskar masani. Kuma ku yi wa Ghali adalci. A Yawuri ruwa yana da ladabi. In zai cika sai ya aiko da sanarwa, ya yi makonni yana taku ɗai-ɗai, har mai gona a fadama ya kwashe abinsa. Inda ka bar akuya da safe nan za ka same ta da yamma. Ɗan kogi bai san akwai ruwan da ke tafiya ya dawo a wuni guda ba.

Ya yi azahar, ya zauna a barandar masallaci, ya ba teku baya kamar yadda ya saba, ya shiga auna maganar. Ya ce wannan fa ba irin jirgin da ya ci Uwais ba ne, ƙarfe ne mai girman unguwa, da Inna ta gan shi da ta ce gada ce mai tafiya. Zuciyarsa ta ce ai ba ta gan shi ba. Ya ce Shamuwa ba ta da lafiya, in ya sa ta hanyar hamada zai iya kashe ta, shi ma ya bi ta, kuma Inna ba don ya mutu da ƙishi ta ɗaure shi ba. Zuciyarsa ta ce wannan fassararka ce, ita ba haka ta faɗa ba. Har wata dabara ta zo masa, irin ta wanda ya matsu: cewa ta yi kada ya sa ƙafa. To in ya hau jirgin a kan babur, ya bar ƙafafunsa a kan matakanta har a sauka, ai ita ce ta shiga, shi goyo ne. Ya ji daɗin wannan har ya yi murmushi, sannan ya tuna babur in ta tsaya dole ƙafa ta sauka, kuma mai sayar da tikiti ya riga ya gaya masa fasinja sama suke hawa, ba a zama wajen motoci. Ya ciro waya don ya kira Inna, kamar yadda ya saba duk lokacin da igiyar ta matse, sai da ya kai kan sunanta ya tuna. Ya mayar da wayar aljihu ya koma farkon lissafin. Mutane suka watse, inuwar baranda ta juya, shi yana nan yana kai gwauro yana kai mari.

Sai ya ji hon.

Bai gane ta ba da farko, domin ba ɓib ɗin nan na kunya ba ne. Ƙara ce doguwa wadda ba ta yankewa, ɓiiiiiiii, tana tashi tana rawa, ba kuwa hannun kowa a kanta. Mumin ya ce ruwan gishiri ne ya haɗa wayoyi. Mun yarda da Mumin. Amma Ghali ya rantse cewa abin da ya shiga kunnensa shi ne yadda Inna ke jan sunansa daga ƙofar gida in ya daɗe a waje, Ghaaaaali, tana ja har numfashinta ya ƙare. Ya juya. Filin yashin nan babu shi. Ruwa ne ko'ina, yana tafe da kumfa, Shamuwa tana tsaye a tsakiyarsa ya kai mata tanki.

Ya faɗa ruwan da takalminsa, shi da ko iyo bai iya ba. Ya kai gare ta ya kama kanta ya ja, yashin da ɗazu yake da tauri ya riga ya haɗiye tayoyinta. Ya ja, ya roƙe ta, ya ja. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ya waiga, sai ya ga tsakaninsa da tudu ya fi inda yake zurfi, ga igiyar ruwa tana zuwa tana ɗaga shi tana direwa. Hon ɗin ya fara shaƙewa, ɓiii, ɓrrr, ɓul, ɓul, ya yi shiru.

Tsohon nan ne ya zo da 'ya'yansa a ƙaramin jirgin kamun kifi. Suka matso har gefen jirgin yana gogar kafaɗarsa, suka miƙa hannu suna ta ihu, yalla, yalla. Ghali ƙato ne, ba su iya ɗaga shi in bai taimaka ba. Hannunsa ɗaya yana kan Shamuwa, idonsa yana kan bakin jirgin, ruwa yana shiga masa hanci. Ya tsaya a haka har tsohon ya fara zaginsa. Sannan ya sake ta, ya kama katakon, ya ɗaga ƙafarsa ta dama ya sa a ciki.

Babban jirgin ya tashi da la'asar ba da ɗayansu ba. Washegari da teku ta janye, suka same ta kwance a gefe guda, ciyawar ruwa ta naɗe mata madubi. Wani direban a-kori-kura ya yarda ya kawo gawar har Doha, Ghali yana zaune a baya tare da ita, rana tana dukansu. Salala dai ba su gan ta ba. Mumin ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya busar, ya shafe kwanaki a ƙarƙashinta. Gishiri ya shiga inji, wayoyi sun yi kore, yashi har cikin giya. Ya haɗa, ya sa sabon batir, ya taɓa. Ko kyaf ɗin nan ba ta yi ba. Ya goge hannu, ya ce da Hausarsu ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji, "Ghali, ka yi hankuri. Ya mutu."

Da muka ga ba ya cin abinci, muka kai shi wajen Malam Abdul-Jalil, wanda ke ja mana salla in mun taru. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce lalura ce, ceton rai wajibi ne, babu laifi a kansa ko na ƙwayar zarra, kuma ai shigar da shi aka yi. Ghali ya ce a'a, shi ya ɗaga ƙafar, yana sane, har ya ji sanyin katakon a tafinsa. Malam ya ce ko da hakan ne, Allah Mai gafara ne. Ghali ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, Allah na san inda zan same Shi. Inna ce ban san ta inda zan tambaya ba." Malam ya ce a yi fatiha.

Tun daga nan yana jin ƙarar hon ɗin. Da rana tsaka, yana tsaye a bakin ƙofar kanti, sai ka ga ya karkata kai yana saurare. In butar shayi ta fara kuka sai ya tashi ya fita. Ya ce abin da ya hana shi sukuni shi ne bai san me kiran yake nufi ba, ko cewa ake ya zo, ko cewa ake kada ya kuskura. Wallahi tausayinsa ya hana mu ma sakewa, ɗakin da aka san shi da musun ƙwallo ya koma kamar ɗakin jiran likita.

Za a ɗauki marigayiyar ranar Juma'a bayan an sauko, daga garejin Mumin zuwa filin 'yan gwangwan da ke ƙarshen Sana'iyya. Mai mota ya taimaka da mota, mai ƙafa ya zo a rage masa hanya. Ba za a yi mata wanka ba, ruwan da ta sha ya ishe ta. Ba za a yi mata salla ba, mun san addininmu, kada wani ya ɗauki hoton sanarwar nan ya kai mu gaba. Za a zauna karɓar gaisuwa a ɗakinmu na Mansura tsakanin la'asar da magariba har zuwa Lahadi. Akwai shayi da dabino, kowa ya zo da haƙurinsa domin lif ya lalace. Duk wanda ya san bakinsa zai furta "ai ƙarfe ne kawai," don Allah ya yi zamansa a gida, mun karɓi gaisuwarsa daga nan.

Masu niyyar haɗa masa wata, ya gode, ya ce a dakata. Abin da ya roƙa a maimakon haka shi ne a sa Inna Asabe da Uwais a addu'a. Sannan duk wanda mahaifiyarsa ke raye, ya kira ta kafin ya hawo benen nan, ya ce ta warware duk wata magana da ta taɓa ɗaura masa, ko ta wasa ce, tun bakin da ya ɗaura yana nan.

Shi ma ya gwada. Jiya da hantsi muna zaune ya danna lambar Inna, ba wanda ya hana shi. Abin mamaki ta shiga. Ashe an daɗe da sayar da layin, wani mai albasa ne a kasuwar Aliero ya ɗauka, ana ta hayaniya a bayansa. Ghali bai yi bayani ba, ya ce, "Na sa ƙafa. A yafe mini." Mutumin ya ce, "Na yafe, bawan Allah, duniya da lahira. Amma wa ke magana?"

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba Ghali haƙurin rashi. Mota za ta tashi da an idar da salla, ba za a jira kowa ba.